Gaya wa Uwarki

Marang, 6 ga Nuwamba, 1993

Zuwa ga Yaya Hasmah,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan wasiƙar nan ta same ki lafiya. Ya aikin asibiti, ya masu haihuwa? Gwiwar nan taki ta yi sauƙi kuwa? Mu nan lafiya, sai ruwa. Damina ta kankama, teku ta ƙi shiguwa, masunta duk sun ja jiragensu tudu. Baba yana ta tarinsa kamar kowace shekara.

Yaya, daga gidan Baba nake rubuto miki, ba daga gidan ƙanenki ba. Yau kwanana goma sha biyar da fitowa, ni da Suraya. Na kai ƙara kotun Shari'a ina roƙon alƙali ya raba aurena da Mazlan. Na san mahaifiyarku, Gwaggo Timah, za ta buga miki waya, to gara ki ji daga bakina.

Bai taɓa dukana ba. Da wannan na fara domin shi kowa yake fara tambaya. Bai hana ni ci ba, bai hana ni sutura ba. Magana ya daina yi mini, yau wata goma sha huɗu. Kin tuna lokacin da na kai zannuwan batik da na zana, irin waɗanda ake yi wa ado da kaki kafin a rina, wajen baje koli a Kuala Terengganu, har aka buga hotona a jarida? Malaman makarantarsu suka dinga tsokanarsa, suna kiransa mijin mai zane. Ranar ya dawo gida bai amsa sannu da zuwana ba. Na ɗauka fushin kwana biyu ne. Na ba shi haƙuri, na ajiye zanen ma gaba ɗaya, amma har yau.

Duk abin da yake so, ta bakin yarinyar nan yake bi. Muna zaune a tabarma ɗaya, gwiwata kusa da tasa, sai ya ce, "Suraya, gaya wa uwarki shayin ya huce." Ita kuma ta juyo ta ce, "Mama, wai shayin ya huce." In na amsa masa kai tsaye, sai ya dubi bango har sai ita ta maimaita. Yarinya 'yar shekara takwas, Yaya. Yanzu i'ina take yi. Malamarsu ta kira ni ta ce in an tambaye ta abu a aji sai ta waiwaya tukuna, kamar tana neman wanda za ta kai wa saƙon.

Ga abin da ya fitar da ni. Ranar wata Juma'a na dafa shinkafar kwakwa da miyar kifi. Ya ɗanɗana ya ajiye cokali ya ce, "Gaya wa uwarki ko kyanwa ta fi ta amfani a gidan nan." Suraya ta dube ni ta ce, "Mama, Baba ya ce abincin ya yi daɗi." Sai ya ce, "Haka na ce? Tashi tsaye. Faɗi abin da na faɗa." Ta tsaya, kalmar kyanwa ta maƙale mata, tana ta kya, kya, kya. Sau shida ya sa ta sake, har ta faɗe shi daidai. Sannan ya ɗauki hularsa ya tafi masallaci. Kafin a sauko ni da ita mun hau motar Marang.

Ba wanda ya yarda da ni. A wajen sulhu wani dattijo dariya ya yi, ya ce, "Malama, wasu matan addu'a suke yi su sami miji marar surutu." Kowa ya san Malam Mazlan da sanyin hali. Kotu kuma shaida take so, shiru kuwa ba ya barin tabo a jiki.

Ke kaɗai kika gani. Kwana bakwai kika yi a gidanmu da ƙaramar Sallah, na ga yadda kika ajiye kofinki ranar da ya aiko Suraya da saƙo. Na san ƙanenki ne, ciki ɗaya. Amma ke 'yar'uwata ce tun kafin ki zama yayar mijina, kakanninmu ɗaki ɗaya suka fito. Za ki zo ki faɗi abin da kika gani?

Ƙanwarki,
Rosnani

*

Sandakan, 22 ga Nuwamba, 1993

Ƙanwata Nani,

Wa alaikumus salam. Na sami wasiƙarki. Ina lafiya, gwiwa da sauƙi. Ki gaida Kawu, ki ce ya daina fita cikin ruwa ba riga mai kauri. Ki shafa mini kan Suraya.

A tsaye nake rubutun nan. Ungozoma biyu sun tafi hutu, mu uku muka rage, jiya kaɗai haihuwa tara muka karɓa. Kada ki ga gajartar wasiƙar ki ce ban damu ba. Sau uku na karanta taki, ranar ban iya cin abinci ba.

Inna ta buga waya kamar yadda kika ce. Kuka take yi, wai kin tona wa zuri'a asiri a gaban alƙali, wai a kasuwa ma nuna ta ake yi. Mazlan bai kira ni ba, shi dama ba ya kira.

Maganar shaida, ki ba ni lokaci. Ba abu ne da zan amsa a tsaye ba, kuma hutu a nan ba ya samuwa sai bayan sabuwar shekara. Amma abu guda nake so ki sa a ranki tun yanzu: mu ba ma sakin namu, ko me kotu ta yanke. Jininmu jininmu ne. In na zo, ni da kaina zan zo har gidan Kawu.

Yayarki,
Hasmah

*

Marang, 4 ga Disamba, 1993

Yaya Hasmah,

Salam. Muna lafiya. Ruwa ya shiga unguwar ƙasa amma bai iso mu ba.

Na karanta, na kuma fahimta. Ranar da wasiƙarki ta iso, ranar ce aka kawo mini takarda daga kotu cewa Mazlan yana neman a ba shi riƙon Suraya. Ya ce a watan Maris za ta cika shekara tara, shekarun da uwa ke da fifiko a kan 'ya mace sun ƙare, shi yana da albashi da gida, ni kuwa ina raɓe a gidan tsoho mai tari. Ashe bakinku ɗaya. Ba kwa sakin naku, ko me kotu ta yanke. To na ji.

Kada ki wahalar da kanki da neman hutu. In kuma kika zo gidan Baba don ki tafi da ita, ki sani a bakin ƙofa za ki same ni. Ban taɓa ɗaga miki murya ba tun ina goye a bayanki, amma ranar zan ɗaga.

Na yi kuskure da na tambaye ki. Ki yafe.

Rosnani

*

Sandakan, 9 ga Janairu, 1994

Nani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Kawu da Suraya. Ni jikina lafiya, raina ne ba lafiya ba. Sai shekaranjiya wasiƙarki ta iso, ta yi fiye da wata a hanya saboda ambaliya, ambulan ɗin duk ya jiƙe ya bushe. Wato wata guda kina zaune da wannan zato a kaina ni ban sani ba.

Ke nake nufi, sakarya! Ke ce namun da ba ma saki. Nufina ko an raba auren, ke 'yar'uwata ce, ba abin da zai canja. Wallahi ban san Mazlan ya nemi riƙon yarinyar ba sai a wasiƙarki. Laifina ne, na yi rubutu a gaggauce, na kuma ɓoye a bayan kalmomi don ina tsoron amsa tambayarki. Yau zan amsa, amma sai na gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har marigayi mijina.

Kin ce kin ga na ajiye kofi. Hannuna ne ya kasa riƙe shi. Abin da na ji a gidanku, da muryar mahaifinmu na ji shi. Ke kin san shi da fara'a, mai raba wa yara alewa a bakin masallaci. A gida kuwa shekara uku ya yi bai yi wa Inna magana ba, a kan ta je bikin ƙanwarta a Dungun ta ƙara kwana ɗaya. Ni ce 'yar aiken. Shekarata goma. "Hasmah, gaya wa uwarki." Mazlan yana da shekara huɗu, yana zaune a cinyarsa yana kallo. Ni ma na riƙa gyara saƙo, ina rage masa ɗaci kafin in kai. Har yau in likita ya ce in gaya wa mai jego jaririnta bai zo da rai ba, sai in ji bakina yana neman wata maganar daban.

Kin taɓa tambayar kanki me ya kawo ni nan Sabah, na tsallake teku, shekara ashirin da biyu ina zuwa gida sau ɗaya a shekara? Ba aikin ba ne. Asibiti ai akwai a Terengganu.

Na gani a gidanku, na gane, na haɗa jakata na dawo nan ban ce uffan ba. Na bar yarinyar a ciki wata bakwai. Wannan yana wuyana.

Zan zo. Ki rubuto mini ranar zaman kotu, ko ba su ba ni hutu ba zan hau jirgi. Abin da na gani zan faɗa, ba ƙari ba ragi. Ba don na tsani ƙanena ba, ni na yaye shi, ni na koya masa ɗaura zanen maza. Amma ba zan bari a ba shi Suraya ba.

Ki amsa mini da wuri, don Allah.

Yayarki har gobe,
Hasmah

*

Marang, 2 ga Maris, 1994

Yayata,

Assalamu alaikum, ya ibada, ya ƙishirwa? Muna lafiya. Tarin Baba ya lafa tunda ruwa ya ɗauke, har ya koma gyaran komarsa.

Kunya ta hana ni sanin ta inda zan fara. Wasiƙarki ta iso tun tsakiyar Janairu, na jefa ta cikin akwatin keken ɗinki ban buɗe ba. Na ɗauka wata barazanar ce. Jiya Baba yana neman almakashi ya gan ta. Ya ce, "Ke Nani, wasiƙar mutum ce kika rufe kamar kifin gishiri? In zagi ne ki karanta ki san an zage ki." Na karanta a gindin kwakwar da ke bayan gidanmu. Da na shigo ya ga idona ya ce, "Zagin ne?" Na ce a'a. Ya ce, "To kin ga."

Ki yafe mini, Yaya. Mako shida kina jira, bayan kin buɗe mini abin da kika rufe shekara talatin.

An sa zama ranar 12 ga Afrilu. Amma kafin ki sayi tikiti ki ji wannan. Gwaggo Timah ta zo gidan nan makon jiya, da sandarta, a motar haya ita kaɗai. Ta ƙi hawowa cikin gidan, a kan matakalar ƙofa ta zauna. Ta ce, "Nani, ni ban yi haƙuri ba? Na mutu? Ga ni nan, na aurar da 'ya'yana, na binne mijina da mutuncinsa." A lokacin ban san me take nufi ba, sai jiya na gane. Na ce, "Gwaggo, yarinyar fa?" Ta ce, "Yara suna mantawa." Da za ta tafi ta ce in ta ji kin sa ƙafa a kotun nan, to ta haifi ɗa ɗaya ne a duniya.

Shekararta saba'in da huɗu. Ban san kwana nawa suka rage muku tare ba. In kika fasa, wallahi ba zan riƙe ki ba, wannan karon da gaske nake faɗa ba da fushi ba. Malamar su Suraya ta yarda za ta yi bayanin i'inar. Wataƙila ya isa.

Suraya ta yi azumi goma sha ɗaya. Ta ce in gaya miki, sai kuma ta ce a'a, ita za ta rubuta da kanta. Ga takardarta nan a ciki.

Ƙanwarki,
Nani

*

Sandakan, 19 ga Afrilu, 1994

Nani,

Salam. Na sauka lafiya, na koma aiki shekaranjiya. Gwiwa ta kumbura saboda zaman jirgi, ba wani abu ba ne. Ya jikin Kawu? Na ga ya rame.

Ba mu sami zama ba a kotu, kuma na ƙi biyowa gidanku don kada a ce mun haɗa baki. Abin da na faɗa a ciki kin ji. Abin da ba ki gani ba shi ne bayan an tashi.

Mazlan ya same ni a inda ake ajiye babura. Na ɗauka zai wuce ni, sai ya tsaya. Ya ce, "Yaya, me na yi mata? Na zage ta a gaban mutane? Na ɗaga mata hannu? Ni fa don kada in yi abin da zan yi nadama nake yin shiru." Nani, da gaske yake. Shi a ransa kirki yake yi. Na ce, "Lan, ka tuna wanda yake kai saƙo a gidanmu?" Ya ce shi bai tuna komai ba, babanmu mutumin kirki ne. Na ce, "Ka tuna ranar da na yi fitsari a tsaye a gaban baƙi, don ya ce in faɗa wa Inna abin da bakina ya kasa ɗauka? Kai ka kawo tsumma." Ya daɗe yana murza makullin babur ɗinsa. Sai ya ce, "Wannan daban." Ya tayar ya tafi.

Daga nan na wuce gida. Inna tana tsakar gida tana tsinke ganyen miya. Na yi sallama, ta amsa wa iska. Na zauna kusa da ita na sa hannu a tiren, ta janye shi. Jikar maƙwabta tana wasa a wajen, sai Inna ta kira ta ta ce, "Zo ki gaya wa baƙuwar nan." Ta tsaya a nan. Bakinta a buɗe, ba ta ƙarasa ba. Ta dubi yarinyar, ta dube ni, ta ce wa yarinyar, "Je ki abinki." Ta tashi ta shiga ɗaki ta turo ƙofa. Kwana biyu na yi a gidan, ba ta ce mini komai ba, amma kullum da safe ina samun shayi a rufe a kan tebur.

Ban yi nadama ba. Ina dai jin kamar an cire mini haƙori, harshena yana ta komawa wurin.

Ki sanar da ni hukunci da zarar an yanke. Wannan karon ki buga waya asibiti, kada ki bar ni da jiran gidan waya.

Hasmah

*

Marang, 29 ga Mayu, 1994

Yaya Hasmah,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Muna lafiya, Baba ya ji sauƙi. Na ji daɗin jin muryarki a waya, amma layin yana ta yankewa, ga mutane a bayana suna jira, shi ya sa na ce sauran sai a takarda.

Kamar yadda na gaya miki, alƙali ya raba auren. Ya ce ƙaurace wa mace wata goma sha huɗu cutarwa ce ko da ba a taɓa jikinta ba. Kafin ya yanke maganar riƙo ya shiga da Suraya ofishinsa, shi da wata ma'aikaciya, mu muna waje. Ban san me ta ce ba, ban kuma tambaye ta ba. Riƙo yana hannuna. Mazlan zai ɗauke ta mako ɗaya ya tsallake ɗaya, daga safiyar Juma'a zuwa la'asar ɗin Asabar, da rabin hutun makaranta. Sallah ɗaya tawa, ɗaya tasa. An kuma rubuta a takardar cewa ba mai aiken yarinyar da saƙo zuwa ga ɗayan, ni ko shi. In da magana, a rubuta a ba Baba.

Ina idda, na koma zane. Kakin ya ƙi bin hannuna da farko, yanzu ya fara.

Shekaranjiya ce Juma'arsa ta farko. Abin da nake so in gaya miki ke nan. Ƙarfe tara ya iso, ya tsaya a bakin hanya bai kashe babur ba. Ya saya mata hular kwano 'yar ƙarama, ja, tana rataye a hannunsa. Suraya ta leƙa ta taga ta gan shi, sai ta shige ƙarƙashin gadon Baba ta ce ba za ta ba. Ta ce, "Mama, ai mun ci shari'ar. Ba kin ce mun ci ba?"

Baba ya ce a ƙyale ta, shi zai fita ya ce ba ta da lafiya. Yaya, raina ya so hakan. Wata bakwai ina faɗa don kada a raba ni da ita, ga shi ita da kanta ta riƙe ƙafar gado. Kalma ɗaya zan faɗa ta zauna. Na san kuma in na yi yau zan yi wani makon, har ranar da za ta manta kamanninsa, kuma zan ce ai ita ce ba ta so.

Na kwanta a ƙasa na sa kaina ƙarƙashin gadon. Na ce, "Ba wanda ya ci, Suraya. Ni na rabu da shi, ke ba ki rabu da shi ba. Babanki ne." Ta ce, "In ya daina yi mini magana fa?" Na ce, "In ya yi haka ki zo ki gaya mini, ni kuma in koma wajen alƙali. Wannan aikina ne, ba naki ba." Sannan ta miƙo hannu na jawo ta. Ni na kakkaɓe mata yanar gizo a ka, ni na sa mata takalmi, ni na riƙe hannunta har bakin hanya. Ya sa mata hular, igiyar ta yi mata yawa, ya durƙusa a cikin yashi yana ta fama da ita. Ban tsaya na ga ƙarshe ba, na juyo.

Na shiga bayan gida na yi amai.

Jiya da la'asar ya dawo da ita, saura minti goma lokaci ya cika. Ta ce sun je wajen Gwaggo Timah, sun ci ayaba soyayya, ya nuna mata yadda ake harba jirgin takarda a bakin teku. Na ce ya yi kyau. Ta ci abinci ta kwanta da wuri.

Saura kwana goma sha biyu ya sake zuwa. Ban sani ba ko daidai na yi, Yaya. Ke kin taɓa zama a inda Suraya take zaune. Ki gaya mini gaskiya, ko ba mai daɗi ba ce, zan buɗe ranar da ta iso.

Ƙanwarki,
Nani